Ragon Dada da Wuƙar Makka

Ɗanbala direban a-kori-kura ne a tashar Gwaram, kuma abubuwan da ba ya rainawa a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada. Akwai motarsa, ita ma ba kullum ba. Sai wuƙarsa.

Wuƙar ba ta da kyan gani, shi ma bai taɓa cewa tana da shi ba. Wani maƙeri a Kwandiko ne ya ƙera masa ita da karyayyen sifirin ɗin tsohuwar motarsa, shekara goma sha huɗu ke nan. Baƙa ce wuluk, bakin kawai ke fari saboda washi. Ƙotar ta taɓa tsagewa, ya naɗe ta da robar tiyub ya ci gaba da harkarsa. Da ita yake yanke igiyar kaya, da ita yake fere rake a bakin tasha, in ya wanke ta ya wasa kuma, da ita yake yanka duk wata dabbar gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Kafin kowane yanka sai ya gwada kaifinta a bayan hannunsa na hagu, har gashin wurin ya gaji ya daina fitowa.

Namiji in ya haura arba'in yakan sami abu guda da ya tabbatar ya fi kowa saninsa, ya riƙe ƙam, ya dami jama'a da shi. Mu da muka kai shekarun mun san cutar, sai dai kowa ta maƙwabcinsa yake gani. Ta Ɗanbala wuƙa ce. In aka miƙo masa ta kanti mai walƙiya, sai ya juya ta sau biyu, ya duba haƙoransa a jikinta, ya mayar wa mai ita ya ce, "Madubin yana da kyau."

Da aka yanki Jigawa daga Kano, aka tattaro ma'aikata 'yan asalin nan aka ce kowa ya koma jiharsa. Dutse ba ta da ɗakunan da za su ɗauke su, sai suka bazu a garuruwan kusa, su tafi aiki da safe su dawo da yamma. Cikinsu har da Abdulsamad, mijin Safiyatu ƙanwar Ɗanbala. Haifaffen Birnin Kudu ne, amma ya yi shekara ashirin a Kano har ya koma kiran garinsu ƙauye. Ya dawo da kujerun kushin, da kabad mai gilashi, da muƙamin da ko a mafarki bai taɓa hawa ba, don a lokacin kujerun sabuwar jiha sun fi mazaunansu yawa. Bai cika shekara ba ya sami kujerar Makka. Ya tafi Abdulsamad, ya dawo Alhaji, da haƙori mai walƙiya wanda ya koya masa murmushi ko ba dalili.

Shekarar Safiyatu goma sha ɗaya a gidansa ba haihuwa. Wata rana, tun babu alamar komai, Dada ta ware wani ɗan rago daga cikin tumakinta ta ce wannan na sunan jikanta ne. Mata suka yi mata dariya a bayan ido, wasu a gaban ido. Ba ta kula ba. Shekara biyu tana ba shi dusa da harawa da kanwa, tana wanke shi da sabulun da take wanka. Babbar Sallah ta zo sau biyu ta wuce, mahauta suka yi ta sintiri a ƙofar gida, ta ce ba na sayarwa ba ne. Idonta ya fara rauni, amma ko cikin garke ta sa hannu sai ta gane shi da geza. Ana cikin haka Allah Ya kawo ciki, da damina ta yi nisa Safiyatu ta haifi namiji.

Ana gobe suna Ɗanbala ya ɗauko Dada a gaban mota, rago a baya, suka kamo hanyar Birnin Kudu. Sau uku tana sa shi tsayawa ya duba ko igiya ta shaƙe shi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa. "Kai wannan, tafi a hankali. Ba buhun gero ka ɗauko ba."

Layin gidan Alhaji ya cika da taɓo. Suna sauke rago Alhaji ya fito cikin farar shadda, ya durƙusa wa Dada rabin durƙuso saboda rigar, ya yaba ragon, sannan ya ja Ɗanbala gefe.

"Yaya, don Allah gobe manyan baƙi za su zo daga Dutse, har da Daraktanmu. Ko za a ɗan gusa da motar nan?"

"Zuwa ina?"

"Can wajen kwalbati. Ka ga dai wurin ba yawa."

Kwalbatin yana ƙarshen layi, bayan gida goma sha wani abu. Ɗanbala ya dubi wurin da aka ce ba yawa, wanda tirela za ta iya juyawa a ciki. Ya kai motar kwalbati.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da goro da alawa. Motocin baƙi guda uku suka zo suka tsaya inda ta Ɗanbala ta tashi. Shi kuwa tun da aka idar da sallar asuba yake zaune a dakali da dutsen washinsa, yana yayyafa ruwa yana ja a hankali. Ragon Dada ne, ba zai bari ya ji zafin da ya wuce ƙiftawar ido ba. Ya aske 'yan gasun da suka yi kuskuren fitowa a hannunsa, ya gamsu.

Sai ga inuwar Alhaji a kansa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Wuƙa ce, Alhaji."

"Haba Yaya! A gaban mutane? Sai ka ce a juji aka tsinto ta. Mayar da ita, don Allah. Ai na tanadi tawa. Ɗan nan shekara goma sha ɗaya nake jiransa, da hannuna zan yanka masa."

Ya shiga gida ya fito da wani dogon akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki. Da ya buɗe, hira ta tsaya. Kuben ruwan zinare ne, an jera masa duwatsu ja da kore. Ƙotar fara sol kamar haure. Da ya zare ta, rana ta bugi ƙarfen, sai da na kusa suka kare ido.

"Tsarabar Makka," in ji Alhaji. "Kusa da Harami na saye ta. Ko albasa ba ta taɓa yankawa ba. Wannan rana na ajiye wa."

Wuƙa ta shiga yawo hannu zuwa hannu, kowa na Masha Allah. Wani tsoho ya shafa kuben ya shafa a fuskarsa. Har ta iso hannun Ɗanbala.

Bai buƙaci ya daɗe ba. Duwatsun gilashi ne, hauren roba ne, wannan bai dame shi ba, masu kwalliya su ji da abinsu. Ya ɗora babban yatsa a bakinta, ya ji ɗan kaifin kamfani wanda ba ya wuce ja biyu. Ya riƙe ƙotar ya ɗan girgiza kusa da kunne, ya ji ƙwas-ƙwas a ciki. Ƙarfen bai ratsa ƙotar ba. Tsawon gaɓar yatsa ɗaya kawai aka cusa aka liƙe da gam. Irin wadda ake ratayewa a bango ce sama da rediyo, baƙo ya gani ya san mai gida ya sauke farali.

Maganar ta zo har bakinsa. Kalma huɗu ce ko biyar: Alhaji, wannan ba ta yanka. Sai ya ɗaga kai ya ga Darakta, wani mai tumbi da tabarau, ya ɗauki baƙar wuƙar daga kan dakali da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Malam direba, wannan ta yankan ciyawa ce ko ta gyaran taya?"

Aka yi dariya. Haƙorin Alhaji ya fi na kowa fitowa.

Ɗanbala ya mayar da ta Makka cikin kubenta ya miƙa da hannu biyu. "Masha Allah," ya ce. Ya karɓi tasa, ya taka taɓo har kwalbati, ya sa ta a akwatin gaban mota, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihun riga. A hanyar dawowa har yana ɗan fito.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Wuƙar nan ko gezar ragon ba za ta ratsa ba. Alhaji zai yi ta gurzawa, gumi ya jiƙa shadda, Darakta ya fara duba agogo, daga nan wani ya ce ina direban nan? Shi kuma zai tashi a hankali, ya tafi kwalbati a hankali, ya dawo a hankali. Har ya shirya abin da zai ce in ya gama: a mayar da madubin bango kada ya yi ƙura.

Limamin unguwa, Malam Ashiru, siririn dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Da aka jawo rago gindin darbejiya aka haƙa ɗan ramin jini, ya dubi wuƙar da ke hannun Alhaji ya ce, "An wasa ta kuwa?"

"Malam, daga Makka fa take."

Malam Ashiru bai taɓa zuwa Makka ba, kuma kowa a wurin ya sani. Sai ya juya wajen Ɗanbala. "Kai da ka saba yanka, ka duba ta?"

"Na gan ta, Malam. Kyakkyawa ce."

Ba ƙarya ya yi ba, ya gaya wa kansa. Ya tuɓe rigarsa ya rataya a reshen darbejiya, ya kayar da ragon ya fuskantar da shi alƙibla, ya danne ƙafafun baya, wani maƙwabci ya riƙe na gaba. Ragon bai yi gardama ba. Bai taɓa sanin hannun da ya taɓa shi da mugunta ba, ya ɗauka wanka za a yi masa.

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da kabbara da ƙarfi don na cikin mota su ji, ya ja. Gashi kaɗan ya zuba. Ya sake ja. Wani ya yi tari. Ɗanbala ya sunkuyar da kai don kada a ga bakinsa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne nauyin Alhaji da kuma tsoron kunyarsa. Mutumin ya ɗora gwiwa, ya tattaro duk tuwon da ya ci a Kano shekara ashirin, ya danna. Fata ta buɗe. Maƙogwaro ya yanke, jijiya ɗaya ta fashe, jini ya yi tsartuwa har kan farar shadda. Saura jijiya ɗaya. Sai aka ji ƙas. Alhaji ya miƙe tsaye da farar ƙota a hannu, ƙarfen kuma ya faɗa ramin jini.

"Mayar da hannu!" Malam Ashiru ya ɗaga murya, abin da ba a saba ji ba. "Kada a jinkirta! Wuƙa! A kawo wuƙa!"

Mutum talatin a wurin, kowa da agogo, wasu da biro biyu a aljihu, babu mai wuƙa. Ragon yana shure-shure, numfashi na fita ta wuyansa da wani irin gurnani. Ɗanbala ya saki ƙafafun ya zura da gudu.

Rabon da ya yi gudu tun Kano da Jigawa suna jiha ɗaya. Taɓo ya cire masa silifa guda, ya bar shi. Ya wuce gida biyar, shida, ya kai hannu aljihu, ya ji singileti. Makullin yana cikin riga, rigar tana kan darbejiya. Ya juyo. Ya fizgi rigar har reshe ya karye, bai dubi ragon ba, amma kunne ba ya rufuwa. Ya sake kama hanyar kwalbati. Ƙofar motar kuwa, wadda kullum sai an ɗaga ta da gwiwa an lallaɓa take buɗewa, ba ta ga dalilin canza hali yau ba.

Da ya dawo, ragon ya daina shure-shure, sai ƙafa ɗaya da ke rawa. Alhaji yana tsaye da wata 'yar wuƙar yanka burodi da aka miƙo daga cikin gida, ta lanƙwashe kamar lauje. Ɗanbala ya ture shi, ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Ƙafar ta tsaya.

Babu wanda ya yaba. Duk ido ya koma kan Malam Ashiru.

"Ka kyauta da ka hutar da shi," in ji Malam. "Amma ba ya ciwuwa."

"Malam, ya fa yanku," in ji Alhaji. "Ga shi kowa na gani."

"Abin da muka karanta, in mai yanka ya fara, ya yi wa dabba raunin da ba za ta rayu ba, sannan ya ɗaga hannu, to in ya mayar nan take, da sauƙi. In aka daɗe, yankan farko bai cika ba, na biyu kuma gawa ya tarar. Nan an je kwalbati sau ɗaya da rabi. Mushe ne."

Darakta ya gyara tabarau. "Allah gafarta Malam, ba yadda za a ɗan duba lamarin? Ganin cewa ba da gangan ba ne?"

"Ranka ya daɗe, ba fayil ba ne."

"Amma wuƙar nan kusa da Harami na saye ta," in ji Alhaji, muryarsa ta koma ta mai neman shaida.

"Ni ban musa inda ta fito ba, Alhaji."

Can Darakta ya ce ai abin bai kai haka ba, rago ne, garin nan ba a rasa rago, a tura a samo wani. Nan da nan fuskoki suka saki. Aka zauna aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Abdulnasir, maroƙi ya shelanta, guɗa ta tashi daga cikin gida. Goro ya zagaya. Wani ya ja tsohuwar tabarma ya rufe abin da ke gindin darbejiya, ƙahon kawai ya leƙo.

Ɗanbala ya wanke hannu ya wanke wuƙa. Ya yi gaskiya, kuma mutum talatin sun shaida, har da Darakta. Ya jira daɗin abin ya zo. Bai zo ba. Ya yi sallama ya shiga gida.

Dada tana zaune a ƙofar ɗakin mai jego, da manyan kwanuka uku wankakku a gabanta. Tun a Gwaram ta gama rabon naman a kanta: ƙafafu da kai na farfesun mai jego, hanta ta ungozoma, cinya ɗaya ta ƙanwarta da ke Fagam wadda ta fi kowa yi mata dariya. Matan da ke tsakar gida suka ga shigowarsa, kowacce ta tuna tana da aiki a madafi.

Ya durƙusa. "Dada."

"Na ji." Ba ta dube shi ba. "Kai wannan, an ce wuƙar ta biyo ta hannunka."

"Ta biyo."

"Ka duba ta?"

"Na duba."

"Ka san ba za ta yi ba?"

Daga cikin ɗaki Safiyatu ta ce, "Dada, ƙaddara ce. Yaya ai ya yi ƙoƙari, an ce har faɗuwa ya yi a taɓo."

"Ke yi shiru ki ba yaro nono. Da shi nake."

Ɗanbala ya dubi ƙafarsa mara silifa. "Na sani."

"To ina taka take?"

"A mota."

"Wa ya kai ta?"

Dada ta jawo kwanukan ɗaya bayan ɗaya ta kife su.

"Shi mijin wannan ban ga laifinsa ba. Tun yana zuwa zance na san in aka shafa wa jaki hoda zai saya. Bai sani ba, ya yi abin wanda bai sani ba. Kai ka sani. Ka zauna ka riƙe masa ƙafa kana jira a yi wa wani dariya." Ta goge hannu da gefen zani. "Ya daɗe yana shure-shure?"

"Bai daɗe ba."

"Ƙarya kake. Ina jin sa daga nan."

Jaririn ya yi ɗan kuka ya yi shiru. A waje an fara gardamar wanda ya san mai rago a kusa.

"Kada a jefar mini da shi a juji karnukan garin nan su ja," in ji Dada. "Ka ɗauke shi ka kai bayan duwatsu ka haƙa rami. Mai zurfi. In ka gama ka wuce Gwaram. Ba sai ka dawo cin naman wancan ba."

"Ke fa, Dada? Yaushe zan zo ɗaukarki?"

"Akwai motoci a tasha."

Ya kawo a-kori-kura har ƙofar gida, wannan karon babu wanda ya ce wurin ba yawa. Baƙi sun koma falo. Ya yaye tabarmar, ya kama ƙaho, ya ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shekara biyu na dusa da harawa ba wasa ba ne. Sai ga Alhaji ya fito, bai ko canza rigar ba, ya kama ƙafafun baya. Suka ɗaga tare, suna nishi, suka tura shi ciki.

Alhaji ya tsaya yana haki, yana kallon jinin da ke hannunsa. "Yaya, ni ina ganin zafin ƙasar nan ne ya narkar da gam ɗin. Can ai ko'ina da na'urar sanyi."

Da jiya ne, Ɗanbala zai adana wannan magana ya kai tashar Gwaram, a yi wata guda ana cin ta. Ya rufe murfin bayan mota ya sa sakata.

"Alhaji, kana da shebur?"

"Akwai! Sabo fil, mai jan fenti, ko ledar ba a cire ba. Bari in ɗauko."

Ɗanbala ya bar shi ya shiga. Shi kuma ya tsallaka taɓo da silifa ɗaya, ya yi sallama a gidan maƙwabci, ya tambaya ko suna da tsohon shebur.